Wa ke cin kuɗin beli? Bayani ga mutanen Illela, Ƙonni da Malbaza

Jama'a masu saurarenmu da masu bin wannan shafi, akwai wata tambaya da ke yawan dawo mana duk lokacin da muka buɗe layin waya a kan zancen shari'a. Muryoyin ne ke bambanta, amma labarin kusan guda ne. An kama yaro, ko a nan gida ko a ƙetaren iyaka. Kafin uwayensa su gama salati, sai ga wani mutum a bakin ƙofa, tufafinsa tsaf, waya a kunne, ya ce ya san kowa a ciki, a kawo kaza ya fito da shi kafin magariba. Sai a sayar da rago, ko a fasa rumbu, ko a karyar da albasa tun ba ta yi kuɗi ba. Wani lokaci yaron ya fito, wani lokaci bai fito ba, amma kuɗin dai ba su dawowa. Bayan ƙura ta lafa sai a kira mu ana tambaya: shin wannan mutum aikinsa ke nan? Hukuma ta san da shi? Abin da muka ba shi, shi ne kuɗin belin?

Mun ga ya dace mu yi wa zancen zama guda. Za mu fara da ƙasar da tsaya wa mutum a kotu ya zama sana'a sosai, da shago da allo a ƙofa, har wasu garuruwa suka kafa doka don nisanta shagunan daga gidajen jama'a. Daga nan mu dawo gida mu ga abin da dokar Nijar ta tanada, mu kuma leƙa Najeriya, tun da ƙafarmu ba ta rabuwa da kasuwar Illela ta can da hanyar Sakkwato.

Da farko, mene ne beli?

Mutumin da ake tuhuma, muddin alƙali bai yanke masa hukunci ba, doka na kallonsa a matsayin marar laifi. Wannan ƙa'ida na cikin Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, wadda Nijar da Najeriya duk suka amince da ita. Ke nan asali shi ne mutum ya jira shari'arsa a gida, yana nomansa, yana kasuwarsa. Abin da kotu ke tsoro shi ne kada ya gudu, kada ya ɓata shaida ko ya tsorata masu ba da ita, kada kuma ya sake aikata wani abu. Beli hanya ce ta kwantar wa kotu da hankali: a saki mutum bisa alkawarin zai dawo duk ranar da aka kira shi, a ɗaure alkawarin da kuɗi, ko da wani mai mutunci da zai tsaya masa, ko da duka biyun.

A Najeriya kalmar beli aka fi sani, wadda ta fito daga Turancin Ingilishi. A nan Nijar mun fi cewa sakin talala, kuma sunan ya dace da abin. Dabbar da aka yi wa talala tana kiwo, tana kai da komo, amma igiyar na nan ɗaure. Wanda aka yi wa sakin talala bai gama da kotu ba.

A lura da bambancin abu uku da ake yawan haɗawa. Tara hukunci ce, bayan an tabbatar da laifi, kuma baitulmali take shiga. Kuɗin beli ajiya ce, tana da takarda, tana kuma da ranar dawowa in an cika sharaɗi. Abin da aka miƙa a ɓoye ba takarda, sunansa daban, kuma kowa ya san sunan.

Inda beli ya zama kasuwanci

A duk duniya ƙasashe biyu ne aka sani da kamfanonin beli na neman riba: Amurka da Filifin. A Amurka ana danganta farkon sana'ar da wasu ƴan'uwa biyu, Peter da Thomas McDonough, masu gidan giya kusa da kotu a birnin San Francisco a ƙarshen ƙarni na 19.

Ga yadda abin ke tafiya. Alƙali ya yanka kuɗin beli, iyali ba su da su a hannu. Sai su tafi shagon ɗan kasuwar beli, shi ya yi wa kotu alkawarin biyan kuɗin gaba ɗaya in wanda ake tuhuma ya gudu. Ladansa galibi kashi 10 cikin 100 ne. Mu kwatanta da kuɗinmu: in belin miliyan 1 ne na sefa, za a ba shi jika 100. Waɗannan jika 100 sun tafi ke nan, ko da gobe kotu ta ce yaron bai yi komai ba. Sau da yawa kuma sai an haɗa masa da jinginar takardar gida ko ta mota. In mutum ya tsere, a jihohi da dama ɗan kasuwar na da ikon tura masu farautarsa su kamo shi. A bayan shagunan kuwa akwai manyan kamfanonin inshora da ke tsaya musu, suna cin nasu kason.

Ka ga mai kuɗi ya ajiye nasa a kotu, in an gama ya karɓe abinsa cif. Talaka ya biya ladan da ba ya dawowa. Wanda ko ladan ba shi da shi, yana ciki. Labarin wani yaro Kalief Browder ya girgiza Amurka a kan wannan. An kama shi a birnin New York a 2010, yana da shekara 16, bisa zargin satar jakar goyo. Aka yanka masa belin dalar Amurka 3,000, iyalinsa ba su da su, daga baya ma aka janye belin. Ya yi shekara 3 a kurkukun Rikers ba a yi masa shari'a ba. A 2013 aka watsar da tuhumar aka sake shi, a 2015 ya kashe kansa.

Me ya sa ake nisanta shagunan daga unguwanni?

Ɗan kasuwar beli inda ciniki yake nan yake zama, wato daura da gidan kaso da kotu. Kamu ba shi da lokaci, don haka shagunan a buɗe suke dare da rana, da fitilu masu walƙiya a ƙofa. In gidan kason na tsakiyar gari, sai ka ga layi guda ya cika da su, tsofaffin gidajen kwana sun koma ofisoshi. Maƙwabta kuma su fara kuka: hayaniya da tsakar dare, motoci sun tare ƙofofi, baƙin fuskoki na zirga-zirga, darajar gidaje na faɗuwa.

Makamin da garuruwan Amurka ke da shi a nan shi ne dokar tsarin gari, wadda ke raba gari kashi-kashi: nan na gidajen kwana, nan na kasuwa, can na masana'antu. Birnin New York ya kafa irin wannan doka mai game gari duka a 1916. A 1926 Kotun Ƙoli ta ƙasar, a shari'ar wani ƙauye mai suna Euclid a jihar Ohio, ta tabbatar cewa hukumar gari na da ikon yin haka, ko da mai fili bai so ba. Tun daga nan majalisar gari ke iya cewa sana'a kaza ba za ta zauna a wuri kaza ba.

Misali sananne shi ne birnin San Jose a jihar Kalifoniya. Babban gidan kason yankin na kusa da tsofaffin unguwanni, shagunan beli suka yi ta ƙaruwa a wurin. Da koken mazauna ya yi yawa, a 2009 majalisar birnin ta dakatar da buɗe sababbin shagunan beli na wani lokaci, daga baya ta kafa ƙa'idar da ta shata tazara tsakaninsu da gidajen jama'a. Irin waɗannan ƙa'idoji a garuruwa daban-daban kusan kamanninsu ɗaya: tazara daga gidaje da makarantu da filayen wasan yara, tazara tsakanin shago da shago don kada su taru wuri guda, da izini na musamman ga mai son buɗewa har cikin dare. Waɗanda suka riga suka kafu kafin doka, galibi ana barinsu a inda suke.

Masu shagunan su ma suna da tasu hujja. Sun ce masu shigo musu ba ɓarayi ba ne, uwaye ne da matan aure da ke neman fito da nasu, kuma in an kore su can nesa, talakan da ba shi da mota ne zai wahala. Zancen na da ƙamshin gaskiya. Sai dai abin da muka lura shi ne, gardamar duka a kan wurin zama take. Dokar tsarin gari na iya sa maƙwabci ya yi barci lafiya, amma ba ta rage wa uwar yaro ko tamma daga kashi 10 ɗin nan.

Shi ya sa wasu jihohin suka bi ta wata hanya. Illinois, Kentucky, Oregon da Wisconsin sun hana kasuwancin belin ɗungurungum. Jihar Illinois ma ta ƙara gaba, a ranar 18 ga Satumban 2023 ta daina amfani da kuɗi a matsayin sharaɗin sakin mutum. Alƙali ne zai duba haɗarin da ke tattare da shi, ya tsare shi ko ya sake shi. Ingila kuwa, wadda daga gare ta Amurka ta gaji beli, dokarta ta 1976 ta ce laifi ne a yi yarjejeniya da wanda zai tsaya wa mutum cewa za a biya shi abin da ya yi asara. Hikimar ita ce, in mai lamuni ba shi da abin rasawa, lamuninsa ya zama fanko.

Mu dawo gida: me dokar Nijar ta ce?

Amsar tambayar masu saurarenmu a taƙaice ita ce: a Nijar babu sana'ar beli. Babu wani lasisi da hukuma ke ba mutum na fito da waɗanda aka kama a biya shi. Kundin tsarin shari'ar laifuffuka, wanda asalinsa na 1961 ne kuma aka yi masa gyare-gyare sau da yawa, ya shimfiɗa hanyar daki-daki.

Matakin farko shi ne tsarewa a hannun ƴan sanda ko jandarma don bincike. A laifuffukan yau da kullum wa'adinta awa 48 ne, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Ta'addanci da fataucin miyagun ƙwayoyi suna da nasu wa'adin daban. A wannan mataki babu wani kuɗin beli da doka ta sani. Jami'in bincike ƙarƙashin mai shigar da ƙara yake aiki, kuma shi ne ke cewa a saki mutum ko a kawo shi kotu. Wanda aka tsare na da ikon ganin lauya. Ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

Mataki na biyu a kotu yake. In laifin na kama-da-hannu ne, ana iya gurfanar da mutum kai tsaye. In yana bukatar dogon bincike, sai a miƙa takardun ga alƙali mai bincike. A nan ne ake iya tura mutum gidan kaso jiran shari'a, a nan ne kuma zancen sakin talala ke shigowa. Wanda ake tuhuma da kansa, ko lauyansa, na iya rubuta takardar neman sakin talala a kowane lokaci. Alƙali zai ji ta bakin mai shigar da ƙara, ya sanar da wanda ya kawo ƙara, sannan ya yanke shawara a rubuce tare da dalilansa. In ya ƙi, akwai ɗaukaka ƙara, kuma ana iya sake nema daga baya. Abin da ya fi nauyi a idon alƙali shi ne mutum na da tabbataccen mazauni, da iyali, da sana'a, abin da zai nuna ba mai gudu ba ne.

Alƙali na iya sakin mutum ba tare da ko dala ba. Yana kuma iya ɗora kuɗin ajiya. In ya ɗora, adadin na cikin takardar hukuncinsa, kuma doka ta raba kuɗin gida biyu. Kashi ɗaya na tabbatar da cewa mutum zai riƙa zuwa duk lokacin da aka kira shi. In ya cika alkawari ana mayar masa. Kashi na biyu an tanade shi ne don kuɗin shari'a, tara da diyyar wanda aka cuta. In an wanke shi, shi ma ana mayar masa, in an same shi da laifi a cire abin da ke kansa a ba shi saura. Ana zuba kuɗin ne a hannun magatakardan kotu ko a asusun gwamnati, a karɓi takardar shaidar biya. Ba a ƙarƙashin bedi ba, ba a teburin mai shayi ba.

Jiran shari'ar ma yana da iyaka. Gyaran da aka yi wa kundin a 2003 ya sa wa'adi: a matsakaitan laifuffuka wata 6, ana iya sabuntawa sau ɗaya, a manyan laifuffuka wata 18, ana iya ƙara abin da bai wuce wata 12 ba. An ware wasu laifuffuka mafiya muni daga wannan lissafi. Saboda haka yana da kyau iyali su rubuta ranar da aka kai ɗansu gidan kaso, su riƙa ƙirga watanni.

Mun san matsalar da ke ƙasa: lauyoyin ƙasar nan mafi yawansu a Yamai suke, kuma mutumin ƙauye ba ya jin Faransanci. Wannan giɓi ne dillalan bakin kotu ke ci a ciki. To amma akwai ƙofar da ba a biya. A watan Disamban 2011 aka kafa hukumar ANAJJ mai taimaka wa jama'a a fannin shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotuna, kuma babbar kotun Birnin Ƙonni na cikin manyan kotunan ƙasar nan. Bayani da shawara kyauta ne ga kowa, marasa ƙarfi da yara kuma ana iya naɗa musu mai kare su. Ma'aikatar shari'a ma tun 2011 ta buɗe koren layi na karɓar koke a kan cin hanci a kotuna. A kuma tuna, a kundin hukunta laifuffuka, wanda ya karɓi kuɗi da sunan yana da hanya wurin alƙali ya yi laifi, wanda ya bayar da niyyar sayen hukunci shi ma bai tsira ba.

A ƙetaren iyaka fa?

Tsarin Najeriya na Ingilishi ne, don haka ya ɗan bambanta da namu. A can ƴan sanda na iya ba da beli tun a ofishinsu a ƙananan laifuffuka, kuma a bangon ofisoshin da yawa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu.

A 2015 aka kafa dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, jihohi kuma suka yi nasu irinta, har da Sakkwato. Akwai abubuwa uku a cikin ta tarayyar da ya kamata mutanenmu su riƙe. Na ɗaya, ta hana kama wani a madadin wani, wato a tsare uba ko mata don ba a ga wanda ake nema ba. Na biyu, ta ce ba za a hana mace tsaya wa mutum ba don kawai mace ce. Na uku, ta ba babban alƙali ikon yi wa masu sana'ar beli rajista da ba su lasisi, ta kuma ce yin sana'ar ba lasisi laifi ne. Jihar Legas ta riga kowa shigar da wannan a dokarta tun 2007. Ke nan a Najeriya an buɗe ƙofar a takarda, amma mutumin da ya tare ka a bakin kotu ya ce zai tsaya wa ɗanka, tambayar farko ita ce ina lasisinsa.

Wahalar ɗan Nijar a can ta fi ta ɗan gida. Kotu kan nemi mai tsayawa ya zama mazaunin yankin, wani lokaci mai gida ko ma'aikacin gwamnati mai wani matsayi. Baƙo ba shi da irin wannan a hannu, shi ya sa yake faɗawa hannun masu tsayawar haya, waɗanda wasunsu da takardun jabu suke aiki. In asiri ya tonu, ana iya soke belin, yaro ya koma ciki. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a nemi dangi, ko maigidan da yake yi wa aiki, ko shugabannin ƴan Nijar mazauna garin. Nijar na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano, kuma yarjejeniyar Biyena ta 1963 ta ba baƙon da aka tsare ikon a sanar da jakadancin ƙasarsa. Akwai kuma hukumar ba da lauyoyi kyauta ta Najeriya, wadda aka kafa a 1976. Kada a yi sanyin jiki da zancen, domin kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen kason Najeriya jiran shari'a suke yi.

Shi ma mai tsayawa ya san abin da ya ɗauka. In wanda ya tsaya wa ya gudu, kotu za ta bi shi kuɗin da ya sa hannu a kai, in ya kasa biya abin na iya kai shi ga ɗauri.

Abin da muka gada

Lamuni ba baƙon abu ba ne a Adar. Tun kafin zuwan kotun Nasara, dattijo kan tashi a fada ya ce na tsaya masa, in ya gudu a kama ni. Abin da ya jingina shi ne mutuncinsa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin lamunin dukiya da lamunin kawo mutum, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi an hana karɓar lada a kan lamuni. Sun jera shi tare da rance da amfani da alfarma, a matsayin abubuwan da ake yi don Allah kawai. Duba yadda wannan ya zo daidai da dokar Ingila da muka ambata, duk da nisan da ke tsakani: wanda aka biya don ya tsaya maka bai san ka ba, bai kuma damu da kai ba.

Sarakunanmu har yau suna da ikon sulhu a rigingimun gona, aure, gado da bashi, kamar yadda dokar sarauta ta 2015 ta tanada. Rigima da yawa da ke ƙarewa a komisariya, da a ce an fara kai ta gaban mai unguwa ko hakimi, da ba a kai ga neman wanda zai fito da kowa ba. Amma in zance ya zama na laifi, ya fita hannun fada, ya koma na kotu.

Mu ma muna da dokar tazara?

Muna da ita, sai dai an yi ta ne don wasu sana'o'i daban. Dokar ranar 24 ga Mayun 1966 ta kasa wuraren sana'a masu haɗari, ko ƙazanta, ko takura wa maƙwabta zuwa aji-aji, mafiya haɗari kuma dole su yi nesa da gidajen kwana. Kafin a ba da izinin irinsu akan yi binciken jin ta bakin maƙwabta. Akwai kuma dokar tsarin birane ta 2017, sannan kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya ɗora wa magajin gari kula da natsuwa, tsabta da lafiyar jama'a, aikin da shugabannin riƙo ke ɗauke da shi tun watan Afrilun 2024. Wanda aka jibge masa jarkokin ruwa-ruwa a jikin katanga, ko injin niƙa ya hana shi barci, yana da inda zai kai kuka: ma'aikatar magajin gari.

Dillalin bakin kotu kuwa wannan doka ba ta kama shi, domin ba shi da shago, ba shi da allo, ba ya biyan haraji. Ofishinsa waya ce da inuwar itace. In aka kore shi daga ƙofa zai koma bayan katanga, ko ya bi ku har gida. A Amurka sun halatta sana'ar sannan suka zo suna auna mata tazara. Mu da ba mu halatta ta ba, tazarar da ta rage mana ita ce wadda kowane gida zai sa tsakaninsa da mutumin.

In abin ya faɗo gidanku

A fara da sanin inda aka tsare mutum, da abin da ake tuhumarsa, da ranar da aka kama shi da awar. A rubuta.

A tafi da katin ɗan ƙasa, a yi magana da jami'in da ke riƙe da binciken kai tsaye. In babu mai jin Faransanci ko Ingilishi a gidan, a ɗauki malamin makaranta ko wani ɗan unguwa da aka yarda da shi.

Duk wanda ya ambaci kuɗi, a tambaye shi abu biyu: wane alƙali ya yanka, kuma wace takarda za a ba mu? In ya fara kame-kame, amsa ta fito.

In an kai mutum gidan kaso, a rubuta takardar neman sakin talala, a haɗa da shaidar mazauni da ta sana'a. Mai rubuta takardu ladan rubutunsa kawai ake biyansa.

In an biya kuɗin ajiya, a adana takardar kamar takardar gona. Da ita za a karɓo kuɗin in shari'a ta ƙare.

In an saki mutum, kada ya kuskure ranar kotu ko sau ɗaya, ko da ranar Laraba ce kasuwar Ƙonni na ci. Kada kuma ya tafi cin rani ba da sanin alƙali ba. Rashin zuwa na cinye kuɗin ajiya, ya jawo takardar kamu, ya kuma kunyata wanda ya tsaya masa.

Za mu ci gaba da wannan zance a shirinmu na kai tsaye. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya kira ya ba da labari, ba sai ya faɗi sunansa ko sunan kowa ba, don na baya su ƙaru. Allah Ya tsare mu da sharrin zargi, Ya fito da duk wanda ke tsare ba da hakkinsa ba.